Shekarar da Kwanonmu Ya Kalli Kabo

A shekarar da Baba ya tafi aikin hajji, garinmu Gwarzo ya cika da tubabbu. Shari'a ta shigo jihar, kuma ba na musun cewa akwai waɗanda suka karɓe ta da zuciya ɗaya, irin su Baba, waɗanda dama can ba su da abin da za su canja. Amma mu da yawa tsoron Allah rana ɗaya ya kama mu, kamar mura. Wanduna suka ɗage, gemu ya tsiro a haɓar da ba ta taɓa sanin tana da gashi ba. Ni ma na bar nawa, kada in yi ƙarya. Malamin kimiyya ne ni a makarantar sakandare a lokacin, da mata da 'ya'ya biyu, gemun nawa kuwa sai an matso kusa ake tabbatar da shi. Duk da haka ina shafa shi a bainar jama'a.

Rayuwa kuma ta yi tsada, ta yadda tuban ma ya zo wa mutane da sauƙi, don yawancin abubuwan da aka ce a bari dama ba mu da halin yin su. Wutar lantarki takan leƙo mu jefi-jefi ta gaishe mu ta wuce. Man fetur sai a galan, a bayan tasha, wurin mutanen da suke rantsuwa ba a haɗa shi da komai ba alhali ba ka tambaye su ba.

A irin wannan lokacin ne yayana da ke aiki a Kano ya aiko mana da kwanon satalayit. Wani attajiri ne a birni ya tuba, ya sa aka sauke kwanon daga saman benensa, ya ce ba zai ƙara kwana da shaiɗan a bisa kansa ba. Bai fasa shi ba, bai jefa shi a kududdufi ba. Sayarwa ya yi. Yayana ya saya, ya haɗo da risibar da ke kamo tashoshi da wata tsohuwar talabijin, ya ɗora a motar kasuwa. Kwano ne ƙato na raga, sai da mutum uku suka shigo da shi ta ƙofar gida a karkace.

Saboda Inna aka saya. Mahaifiyarmu tana fama da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ya rage mata wata 'yar kafa a tsakiya, sai ta juya kai ta daidaita abu a cikin kafar sannan ta gan shi. Likita a Kano ya gaya mana ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma yana hanya. Da Baba ya sayar da shanunsa na huɗa ya samu kujerar Makka, Inna ba ta nemi tsarabar komai ba. Ta ji mata suna cewa a birni ana ganin alhazai a talabijin ranar Arfa, a daidai lokacin da suke tsaye, sai ta ce ita dai abin da take so ke nan.

"In ga Malam a Arfa," in ji ta. "Shi ke nan."

Na zauna na yi mata bayani irin na 'yan boko. Na ce mutanen da ke wurin sun fi ƙarfin ƙirga, kowa da farin harami iri ɗaya, mai ɗaukar hoto kuma bai san da zaman Baba a duniya ba. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce tun kafin a haife ni take hango mutumin nan yana dawowa daga gonarsa ta ƙauyen Jama'a, tun yana ɗan ɗigo a kan hanya take sanin shi ne, ta ɗora ruwan wanka. Ni dai in haɗa mata abin, sauran aikinta ne. Kwanon ya iso ana saura kwana uku Arfa.

Sai maganar Kawu, ƙanin Inna, autan ɗakinsu. Baba ba shi da ɗan'uwa a gari, don haka da zai tafi Kawu ya bar wa amanar gida, Kawu kuwa ya ɗauki amanar nan kamar sarauta aka naɗa shi. Mai sayar da takin zamani ne a kasuwa, kuma a shekarar ya shiga kwamitin sa-ido na unguwa, masu zagayawa suna duba tarbiyyar mutane. Karatunsa bai yi nisa ba, amma muryarsa ta yi. Da ya ga kwanon jingine a tsakar gida, sai da ya zagaya shi sau biyu yana salati. Ya ce gidan da aka bar masa amana ba za a kafa wa tutar fasiƙanci ba, mai gidan ma yana ɗakin Allah. Na ce Makka za a kalla. Ya shafa gemu, nasa kuma gemu ne na gaske, sannan ya yanke hukunci.

"To, an yarda. Amma da sharaɗi. Alƙibla zai kalla. In Makka ake nema, ai an san inda Makka take. Abin da ya zo ta alƙibla ba zai zama sharri ba. Ya kauce ko da taƙi ɗaya, ni da kaina zan kira 'yan kwamiti a sauke shi."

A lokacin ban ga aibin maganar ba sosai. Na dai san hoton daga sama yake saukowa, daga wani tauraro da mutane suka harba, amma ban san a wane ɓangaren sama yake ba. Ana koyar da kimiyya a allo shekara da shekaru ba a taɓa ɗaga kai ba.

Washegari da safe na hau babur na nufi Kabo, wurin wani mai gyaran rediyo, mutumin Gammo, wanda aka ce shi kaɗai ne a yankin yake da mitar neman sigina. Aikin Sallah ya yi masa yawa, ba zai iya biyo ni ba, amma ya yarda ya ara mini. 'Yar akwati ce da ba ta kai tafin hannu ba, da allura a bayan gilashi, da wani ɗan maɓalli na murɗawa, da bakin waya biyu. Ɗaya za a haɗa da gwangwanin da ke tsaye a tsakiyar kwano, ɗayan ya tafi risiba. In kwano ya kusa daidai, allura ta tashi, mitar ta yi kuka siriri, kukan yana ƙaruwa kana matsowa.

"Abu biyu zan gaya maka, Malam," in ji shi, yana ƙona wata waya da dalma bai ko ɗago ba. "Daga Gwarzo, ka juya shi ya kalli nan garin namu, ka ɗan ƙara kudu, ka ɗaga kansa sama sosai kamar mai tarar ruwan sama. Na biyu, maɓallin nan kada ka cika shi. In ka cika shi, ko bango ka nuna mata sai ta yi maka ihu. Ba ta da wayo, ita dai ta ji abu a gabanta."

Na ce na gane. Ina da takardar shaidar karatu, shi kuwa ba shi da ita, saboda haka rabin kunne na ba shi.

A saman zaure muka kafa turken kwanon, don shi kaɗai ne ginin siminti a gidan. A nan kuma wata al'adar ta shigo. A garinmu namiji ba ya hawa sama haka kawai, ko soro ne ko bishiya, domin daga can tsakar gidan maƙwabta a buɗe take, mata suna harkokinsu. Sai ka tsaya ka ɗaga murya ka ce za a hau, ka ba su lokaci su shige ɗaki, kuma ba sa fitowa sai ka ce an sauko. Tun muna yara haka ake yi, mutum ya hau ya gyara indararo ya sauko, ba a ɗau lokaci ba. A shekarar nan kuwa Kawu ya ƙara wa abin gishiri: sai an faɗa sau uku, ta kowace kusurwa. Gidaje huɗu ne ke kewaye da mu. Na tsaya a gindin tsani ina ta kwarara "Za a hau! Za a hau!" kamar mai tallar magani, ina jin taɓarya tana yin shiru gida bayan gida.

Aka ajiye talabijin a cikin zaure, aka tayar da ɗan janaretan da na aro wurin tela, Kawu ya shimfiɗa buzu a gaban gilashin don ya riƙa ba ni labari. Kafin nan sai da ya hau tsanin da kansa, ya hango hasumiyar masallacin unguwa, ya miƙa hannu ya nuna mini alƙibla, kamar ba a garin aka haife ni ba. Na gaya masa abin da mai gyara ya ce, cewa wajen Kabo za a juya.

"Kabo?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Makka ce ta koma Kabo ba mu ji ba? To ai da Babanka bai sayar da shanunsa ba, da babur ya hau."

Mutanen da suka taru a ƙofar gida suka fashe da dariya. Na ji kunya, na ji haushi, na juya kwanon ya kalli alƙibla, na kwantar da kansa ƙasa-ƙasa yadda Kawu ya ce, don a ganinsa Makka a ƙasa take ba a sama ba. Na haɗa mitar. Na murɗa maɓallin har ƙarshe, saboda a tunanina komai in an cika shi ya fi aiki. Allura ta yi tsalle ta bugi bango, mitar ta tsala ihu har ana ji a bakin titi.

Kawu ya yi kabbara, jama'a suka amsa. Ya fito ƙofar gida ya yi wa mutane ɗan wa'azi, cewa ga ƙarfe ma da Nasara ya ƙera ya san alƙibla, saura 'yan boko. Abu ɗaya ne kawai ya rage, shi ne hoto. Gilashin talabijin ba ya nuna komai sai tsaki-tsaki fari da baƙi, da wani shuu kamar ana sheƙa gero. Kawu ya ce wannan ƙaramin abu ne, tunda mita ta yi shaida, laifin waya ne.

Kafin la'asar na gano gaskiya. Ina zaune a sama rana tana dukana, sai maganar mai gyara ta dawo mini. Na rage maɓallin, kukan ya mutu. Na ƙara shi, na sa tafin hannuna a gaban gwangwanin, ta yi ihu. Na leƙa ta bayan kwanon na bi inda ya nufa da ido, sai ga ƙatuwar darbejiyar harabar masallaci ta tare gaban gaba ɗaya. Ita mitar take yi wa kuka. Kabbarar da aka yi ɗazu, darbejiya aka yi wa.

Ban faɗa ba. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa, kuma dalilina biyu ne, duka ba na kirki ba. Na farko tsoro. A shekarar nan ba na son a ji a gari cewa malamin kimiyya ya hau saman zaure ya ce ya auna alƙibla da na'ura bai samu komai ba. Kafin maganar ta kai kasuwa ta zama wani abu dabam, ni kuwa ina son aikina, ina son gemuna ya ci gaba da yi mini amfani. Na biyu mugunta. Kawu ya sa an yi mini dariya a ƙofar gidan ubana, ina so in zuba masa ido ya yi ta fama har ya gaji ya ce da bakinsa a gwada Kabon. Da na shiga cikin gida Inna ta juyo da kai tana nemana a cikin 'yar kafar idonta, ta ce ya ake ciki. Na ce sigina ce take ɗan wahala, gobe in Allah ya yarda.

Goben ta tafi a banza. Muka canja waya. Muka kwance gwangwanin muka goge shi da tsumma. Kawu ya tambaye ni ko da alwala nake hawa, na ce a'a, ya ce to ga shi nan, na sauko na yi alwala na koma. Kowace hawa sai na yi shela sau uku ta kusurwa huɗu, kowace saukowa sai na sanar. Kawu ya sa na matsa kwanon yatsa ɗaya dama, yatsa ɗaya hagu, duk a cikin alƙibla, yana daga ƙasa yana cewa kamar tsakin ya fara haɗuwa, kamar ya ga wani abu mai kama da raƙumi. Man janareta yana ta ƙonewa. Ni kuma ina sama ina jin daɗin kaina, ina cewa a zuci bari mu ga iya gudun ruwansa. Kawu bai gaji ba. Mutumin da jama'a suka yi wa kabbara ba ya gajiya da wuri.

Ranar Arfa kowa ya tashi da azumi, ragon layya yana ɗaure a gindin rumbu yana kuka, man da ya rage a galan bai kai rabi ba. Rana a can tana riga tamu faɗuwa da awa biyu, wato in aka yi la'asar a Gwarzo alhazai sun fara haramar barin filin. Na san haka, na ma koyar da shi a aji. Duk da haka da hantsi na sake tsayawa a gindin tsani na buɗe baki zan yi shela.

Ban kai ga yi ba, sai ga tsohuwar gidan da ke bayanmu ta shigo, ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta wuce mu ta shige wurin Inna. Daga zaure muna jin ta. Ta ce kwana biyu ke nan an tsare su a ɗaki kamar masu takaba. Ga Sallah gobe, ba a yi daka ba, ba a yi wanki ba, kitso an yi rabi an bari. Jiya surukarta tana zaune da lalle ɗaure a ƙafa aka ce za a hau, da rarrafe ta shiga ɗaki. Kuma duk a kan me? Ai su ta kan katanga suna jin komai. Mai gyara ya ce a juya abu wajen Kabo, ƙaninki ya ce sai alƙibla, ɗanki kuma ya yi gum yana hawa yana sauka.

Inna ba ta shiga zaure in da maza a ciki. Ran nan sai ga ta tana lalube da bango, mayafi a karkace. Kawu ya miƙe da sauri har yana taka buzunsa.

"Auta," in ji ta. Duk garin ita kaɗai ke kiransa haka. "Wai me nake ji? Kwanon ne ka ce sai ya kalli alƙibla?"

"Yaya, ai abin da ya sa, duk abin da ya zo ta..."

"Salla zai yi?"

Kawu ya shiga gyaran hularsa.

"Tambayarka nake. Salla zai yi? In salla zai yi, a sauko da shi ka ja shi jam'i. In kuwa Malam zai nuna mini, ka bar shi ya kalli inda zai kalla. Ni na goya ka, na san ranar da ka fara sanin gabas."

Na sunkuyar da kai ina danne dariya. Abin da nake jira ke nan kwana biyu, har ya fi yadda na so. Sai ta juyo a hankali tana neman fuskata, ta yi ta gyara kai har ta same ni.

"Kai kuma ɗan boko, tun yaushe ka san ba nan ba ne?"

Na so in yi ƙarya, amma da azumi a bakina, ga kuma idon nan guda a kaina. Na ce tun shekaranjiya.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta dai ce, "Idon nan nawa ba jiranku yake yi ba," ta nemi buzun Kawu da ƙafa ta zauna a gaban talabijin. Ban taɓa jin na raina kaina kamar lokacin ba.

Na fita na yi shelar hawa sau ɗaya tak. Daga bayan katanga tsohuwar ta amsa, "Hau, ɗan nan, ka hau ka gama mu huta!"

Na sassauta notocin kwanon da sifana. Na rage maɓallin har allura ta kwanta a tsakiya, kukan ya koma ɗan siriri. Na rungumi bakin kwanon na fara juya shi daga darbejiya, ya wuce gabas, ya nufi hanyar Kabo, na ɗan ƙara kudu. Sannan na shiga ɗaga kansa. Aikin ba ya son gaggawa, kaurin yatsa ɗaya ya isa ya raba ka da abin da kake nema, ga ƙarfen ya yi zafi, gumi yana shiga mini ido. Na wuce wurin sau biyu ban sani ba. An kira azahar ina sama, na sauko na yi, na koma. A karo na uku allura ta motsa da kanta. Na tsaya cak. Na matsa kaɗan, kukan ya ƙara kaifi, allura ta kai ƙarshe. Na sake rage maɓallin, na sake matsawa, ta sake tashi. Haka na yi ta yi har ya zama ko ta ina na taɓa kwanon sai kukan ya ragu. A nan na tsaya.

Daga ƙasa na ji kiɗa, sannan na ji Kawu yana a'uziyya da ƙarfi. Ashe risibar tana nan a tashar da attajirin nan ya kalla ta ƙarshe kafin ya tuba, kuma da na sauko daga baya na ga tashar, na fahimci abin da ya sa tuban ya zama dole. Ba zan iya sakin kwanon ba sai na ɗaure notocin, Kawu kuwa bai san inda ake canja tasha ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe talabijin da ita, kiɗan yana fitowa ta ƙarƙashi.

"Ya zo?" in ji Inna. "Me ake nunawa?"

"Ba a kai Makka ba tukuna, Yaya," in ji Kawu. "Ana hanya."

Na ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya ina kallon allura kada ta sauka, na diro, na zura hannu ƙarƙashin rigar na yi ta danna risiba har kiɗa ya ɗauke, muka ji talbiyya. Kawu ya janye rigarsa. Ga fili fari fat da mutane, ga dutsen, ga lemomi, ga hannaye a sama. Mutanen ƙofar gida suka cika zauren, ba wanda ya tuna ya tambayi inda kwanon yake kallo.

Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta karkata kai, tana bin hoton da 'yar kafar nan tata, daga wannan gefe zuwa wancan. Mai ɗaukar hoto ya nuna dutse, ya nuna masu kuka, ya nuna sama, ya dawo kan jama'a. Rana a can ta yi sanyi, inuwa ta yi tsawo. Janareta ya fara tari. Ni ina tsaye a bayanta ina lissafin safiyar da na ɓatar, da jiya, da shekaranjiya, ina roƙon Allah kada ya kama Inna da laifina.

Sai ta ɗora yatsa a kan gilashin.

"Ga shi nan."

Wani dattijo ne siriri da koriyar lema, ya ba da baya, yana tafiya yana ɗan jan ƙafar dama. Bai daɗe ba hoton ya wuce shi.

"Shi ne ko?" Ni ta tambaya.

Ban ga fuskarsa ba. Dattawa sirara masu jan ƙafa a filin nan Allah kaɗai ya san yawansu. Na ce, "Shi ne, Inna."

"Shi ne, Yaya," in ji Kawu, ɗan kwamitin da ya sha yi mana wa'azi a kan ƙarya. "Ga tafiyarsa nan."

Ta koma da baya ta zauna sosai, ta share ido da gefen mayafi, ta ce ya rame. Ba a jima ba janareta ya mutu.

Alhazanmu sun daɗe a can suna jiran jirgin dawowa, har aka daina tambayar ranar zuwansu. Kafin Baba ya iso, 'yar kafar ta rufe. Inna takan bambance rana da inuwa, shi ke nan. Ni da yayana muka tarbo shi a Kano, a mota yake ba mu labari, har ya zo kan Arfa ya yi dariya. Ya ce shi bai ga Arfa ba sai rufin tanti. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi tun daga Mina, a kwance aka kai shi, a kwance aka dawo da shi, malamai dai sun ce tunda yana cikin filin ya wadatar. Ko lema bai saya ba.

Tun daga Kano har Gwarzo nake juya yadda zan gaya masa. Baba mutum ne da in ka ce masa tuwo ya yi daɗi alhali bai yi ba, sai ya gyara maka magana. Ga shi kuma yanzu an wanke masa zunubi tas. Ta yaya zan ce masa ya fara da ƙarya, tun bai sauke jaka ba? Na yi ta cewa bari mu wuce wannan garin, bari mu wuce wancan, har muka tsaya a ƙofar gida jama'a suka rufe motar. Ko kwanon da ke saman zaurensa bai lura da shi ba.

Sai da 'yan taryar suka ragu ya shiga cikin gida, ni da Kawu muna biye da kaya. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Suka gaisa irin gaisuwarsu, doguwa, ba mai kallon wani, ya hanya, ya ibada, ya aka ji da jama'a, ya jikin. Baba ya lura da yadda take kallon gefensa ba shi ba, na ga fuskarsa ta canja. Ya jawo jaka ya fara kwance igiyar.

"Na gan ka, Alhaji," in ji Inna. "Ranar Arfa. Yaran nan sun haɗa mini talabijin. Kana tafe da lema."

Hannun Baba ya tsaya a kan igiyar. Ya dube ni. Ya dubi Kawu, Kawu ya shiga nazarin yatsun ƙafarsa. Ya sake duban Inna, ya daɗe yana kallon idanun nan da ba sa kallonsa.

"Wace irin lema?" in ji shi.

"Koriya."

"Ita ce," in ji Baba. "Da na san kina kallo, ai da na juyo."

"Ba sai ka juyo ba. Ta baya ma na san ka."

Baba ya sunkuyar da kai ya koma kan igiyar jakar. Ƙullin ba wani mai tauri ba ne, ni na ɗaura shi a Kano, amma ya daɗe yana kwance shi.